Muhawara: Wa ke da wuƙa da nama a aikin buɗaɗɗiyar manhaja?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Maganar da nake so mu tattauna ita ce wannan: a aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa zai iya duba rubutunta ya kawo gyara, ra'ayin masu ba da gudummawa shawara ce kawai, yanke hukunci kuwa haƙƙin wanda nauyin kula da aikin ke wuyansa ne. Hujjata ita ce abin da ya faru da Python, wani harshen rubuta manhaja. Guido van Rossum ya fitar da wannan harshe a 1991, ya riƙe ragamarsa shekara 27, ana muhawara yana saurare, in an gama shi ke cewa e ko a'a. A 2018 aka kawo shawara mai lamba PEP 572, wadda ta nemi a ƙara alamar := domin mai rubutu ya iya ajiye ƙima cikin suna ya kuma yi amfani da ita a wuri guda. An shafe watanni ana ka-ce-na-ce, Guido ya amince da ita, ƙura ba ta lafa ba, sai ranar 12 ga Yuli ya sanar da saukarsa, yana cewa ba ya son ya sake shan irin wannan wahala a kan wata shawara sannan ya tarar mutane da yawa suna ƙyamar hukuncinsa. A ganina, mutanen da ba su ɗauke da alhakin komai ne suka gajiyar da wanda ya gina gidan.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Isiyaku, ban yarda da yadda ka siffanta masu adawar ba. Da yawa daga cikinsu suna cikin jiga-jigan da ke riƙe da makullin ma'ajiyar Python, waɗanda su ne za su ci gaba da gyaran duk abin da aka shigar. Dalilinsu kuma na sana'a ne. A harshen C, sanannen kuskure ne mutum ya rubuta = (alamar ajiye ƙima) a inda yake nufin == (alamar kwatanta ƙima biyu) cikin sharaɗi, manhaja ta ci gaba da aiki tana ba da amsar da ba daidai ba, kuma tun farko Python ya toshe wannan ƙofa da gangan. Ni da nake koyar da masu fara koyo, na san yadda ɗalibi ke tsayawa yana kallon allo kafin ya rarrabe alamomi biyu, ga shi yanzu sun zama uku. Wanda zai yi wannan bayani a aji kullum yana da ta cewa.

Auwal: Ina neman izinin manya in sa baki. Bara na aika gyara zuwa wata ƙaramar manhaja da ke lalata ɗ da ƙ da ɓ idan ana jera sunaye. Na yi sati biyu ina aikin, na haɗa da gwaje-gwaje, na jira wata uku, sai aka rufe buƙatar da layi ɗaya cewa ba a bukata. Ƙin karɓar bai dame ni kamar rashin bayani ba. Idan hukunci na mai kula ne shi kaɗai, me zai tilasta masa ya faɗi dalili?

Malam Isiyaku: Auwal ƙanena, ba a kyauta maka ba, kuma ba na kare wannan hali. Sai dai ka dubi ɗaya gefen. Ina kula da wata 'yar manhaja, wani ya taɓa kawo ƙari mai kyau, mutane biyar suka goyi bayansa, na karɓa don kunya. Bayan wata shida ya ɓace, ƙarin ya riƙa karyewa duk lokacin da aka sabunta wani abu, ni ne nake zama bayan sallar isha ina ɗinke shi, alhali ban taɓa amfani da shi ba. Mai gudummawa yana kawo kaya sau ɗaya, mai kula shi ke dakonsu shekara da shekaru. Kuma lasisi ya ba kowa damar kwafar aikin ya kafa nasa, kamar yadda aka kafa manhajar ofis ta LibreOffice daga OpenOffice.org a 2010.

Injiniya Bashir: Da alama ana ɗauka cewa inda ake ƙuri'a babu rigima, to Debian, ƙungiyar da ke samar da tsarin gudanar da kwamfuta mai wannan suna, ta isa misali. Tana da kundin tsarin mulki, tana zaɓen shugaba duk shekara, tana da kwamitin fasaha. Amma a Fabrairun 2014, da aka zo zaɓar tsarin da zai riƙa tayar da na'ura, kwamitin mai mutum takwas ya rabu huɗu da huɗu, sai shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa aka ɗauki systemd. A Nuwamba aka kai wani ɓangare na batun gaban dukkan mambobi, rinjaye ya ce babu bukatar sabon ƙuduri, wasu manyan ma'aikata suka ajiye muƙamansu, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wadda ba ta fitar da cikakken bugunta na farko ba sai 2017. Don haka, Malam Isiyaku, ɓallewa ba abu ne mai arha ba da za a ce wa irin su Auwal ga hanya nan. Ke kuma Hajiya, ƙuri'a ba ta hana ɓacin rai.

Hajiya Rabi: Injiniya, ban nemi a kira duk mai amfani da manhaja ya jefa ƙuri'a kan kowace alama ba. Abin da nake nema shi ne a san wanda ke yanke hukunci, a san yadda ya hau, a san yadda za a sauke shi. Guido bai naɗa magaji ba, ya bar wa jiga-jigan su nemi mafita, a Disambar 2018 suka zaɓi tsarin majalisar gudanarwa mai mutum biyar, aka yi zaɓen farko a farkon 2019, shi kansa yana cikin waɗanda suka ci. Ƙa'idar ta hana fiye da mutum biyu daga kamfani ɗaya zama a majalisar, kuma ana sake zaɓe bayan kowane babban bugu. Majalisar ba ta soke := ba, ta fito a Python 3.8 a Oktoban 2019. Har yanzu mutane kaɗan ne ke yanke hukunci, amma suna rubuta dalilinsu, kuma sun san za su koma gaban masu zaɓe.

Malam Isiyaku: To ai kin dawo kusa da maganata, Hajiya, domin masu zaɓen majalisar jiga-jigai ne kawai, wato masu ɗauke da nauyin. Wanda ya aika gyara ɗaya ko goma ba shi da ƙuri'a. Na amince da ke cewa mutum biyar masu wa'adi sun fi mutum ɗaya marar wa'adi ga aiki mai girman Python, na kuma amince cewa duk wanda aka ƙi aikinsa yana bin mai kula bashin bayani. Inda ban motsa ba shi ne a ce yawan masu goyon baya zai tilasta mini karɓar abin da ni zan kwana da shi.

Auwal: Na gode, Malam. Da an rubuta mini layi uku na dalili, da na gyara na sake aikawa. Gobe zan sake buɗe buƙatar, in tambayi mai kula ko zai karɓa idan na ɗauki alkawarin ci gaba da kula da wannan ɓangaren da kaina.