Neman shawara: darasin wariyar launin fata a minti 40

Maman Ummi:
Assalamu alaikum malamai. An ba ni darasin mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, 'yan aji biyar na sakandare, minti 40 kacal. So nake yara su gane yadda "mun fi su" ta fararen fata ta zama doka. Ta ina zan faro?

Malam Audu:
Wa alaikumus salam Malama. Faro da maganar gona. Rubuta 1913 a allo: dokar filaye ta bar wa baƙaƙe, su da suka fi kowa yawa, kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, a 1936 aka ƙara zuwa kusan 13. Zana da'ira, ki yanko ɗan yankin nan su gani da idonsu. Sai ki tambaye su: wanda ya kwashe sauran, me zai gaya wa kansa har ya iya barci? Nan iƙirarin fifikon jinsi ke shigowa. Hujja ce ta riƙe ƙasar da aka ƙwace, da samun leburori masu arha a mahaƙar zinare. Ki ba wannan minti 15.

Daga nan shekaru uku sun isa, bayan jam'iyyar National ta hau mulki a 1948: 1949 haramta auratayya tsakanin farare da sauran jinsi, 1950 yi wa kowa rajista bisa launi da raba unguwanni, 1953 dokar ilimin Bantu, wadda ta ware wa baƙaƙe ilimi mai ƙarancin inganci. In kika jero dokoki goma, haddacewa za su yi, ba ganewa ba.

Hajiya Binta:
Ki tafi da fensir. In jami'ai suka rasa rukunin da za su sa mutum, sai a soka masa fensir a gashi. Ya zame, ana iya rubuta shi farar fata. Ya maƙale, a'a. Da irin wannan awo aka raba 'yan gida ɗaya. Yara za su yi dariya, ki bar su, su da kansu za su ce ai wannan ba kimiyya ba ce.

Amma a kanki za ki gwada, ba a kan ɗalibi ba. Kuma don Allah kada ki raba ajin farare da baƙaƙe da sunan misali. Darasi zai ƙare, tsokanar "baƙin nan" ta bi yaro har ƙarshen zango.

Malam Audu:
Haka ne Hajiya. Minti biyar na ƙarshe kisan Sharpeville, wata unguwar baƙaƙe: 21 ga Maris 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69 masu zanga-zangar ƙin takardar izinin zirga-zirga da aka tilasta wa baƙaƙe ɗauka.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Boren ɗaliban Soweto na 1976 fa?

Hajiya Binta:
Bar ta sai mako mai zuwa, darasi ce sukutum.