Muhawara: Manhajar Lissafin Injin Jirgi Ta San Zafin Garwa Kuwa?

Ɗan Rumde: Salamu alaikum jama'a. Abin nan ya ishe ni, gara in amayar. Manhajojin da ake kwaikwayon injin jirgin sama da su a kwamfuta, na kuɗi da na kyauta, ba don ƙasarmu aka yi su ba. Duk wadda ka buɗe, iska mai digiri 15 da matsi kilopaskal 101.325 za ta shimfiɗa maka, tas babu ƙura. Mu kuwa a Garwa, arewacin Kamaru, Maris da Afrilu zafi haura 40 yake yi, da hunturu hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ya rufe sama. A haka ake ba yara aikin kammala karatu, su fito da lambobin da injin da ke tashi daga filinmu bai san da su ba.

Hajiyar Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsaya tukuna, wacce ce ta kyautar? In manhajar T-MATS kake nufi, gaskiya ne NASA ta sake ta kowa ya sauke, har da misalin injin JT9D a ciki. Amma a kan MATLAB da Simulink, manhajojin lissafi na kuɗi, take zaune. In ba ka da lasisinsu ko bulo ɗaya ba zai buɗe ba, Octave kuma, kishiyar MATLAB ta kyauta, ba ya karanta fayil ɗin Simulink. An ba ka doki ne an riƙe linzami.

Malam na Kusiri: Hajiya, kin tsallake pyCycle da gangan. Ita ma ta NASA ce, a kan Python da OpenMDAO take tafiya, ko dala ba a biya. Ka jera mashigar iska, fanka, kwamfaresa, ɗakin ƙonewa, turbin da bututun fita, ka haɗa su da shaf, ka ba ta matsi da zafin da kake so, ta warware. Wannan kyauta ce tsantsa.

Hajiyar Lissafi: Malam, injin lissafin ne kyauta, taswira fa? A wurin da aka zana injin ya yi aiki, kowa na iya lissafi da biro da takarda: rabon matsi (sau nawa kwamfaresa ke ninka matsin iskar da ta shiga), ingancin kwamfaresa, zafin shiga turbin, kananzir mai kusan megajul 43 a kilo. Matsalar tana farawa ne in an sauka daga wannan wurin, an rage maƙura ko an hau sama. Nan dole sai da taswirar kwamfaresa, wadda ke nuna yawan iskar da ke wucewa da matsin da take bayarwa da ingancinta a kowane gudun shaf, da layin da in an ƙetare shi kwamfaresa za ta yi aman iska, wato iskar ta juyo baya. Kamfanonin injin ba sa sakin tasu. Abin da ke zuwa da manhaja taswirar gama-gari ce, kai za ka miƙa ta ko ka matse ta har ta dace da injinka. Ka ɗauki taswirar rabon matsi 8 ka ja ta zuwa 14, layukan gudu sun karkace, lissafin Newton da manhajar ke maimaitawa don neman amsa ya yi ta juyi ya ƙi tsayawa, ko ya tsaya a wajen taswirar ya ba ka inganci da babu ƙarfen da zai iya. To me aka ba ka kyauta?

Injiniyan Injamena: Hajiya ta gama magana. Shi ya sa GasTurb ta fi. Joachim Kurzke da ya rubuta ta ma'aikacin kamfanin injin jirgi na MTU ne a Munich shekara da shekaru, kuma akwai Smooth C ta gyaran taswira. A biya a huta.

Malam na Kusiri: A biya da me, Injiniya? Da yuro ake sayarwa, ɗalibi da sefa yake cin abinci. Kuma mu faɗi gaskiya, masu yabon nan nawa ne kwafinsu ba fasasshe ba ne?

Injiniyan Injamena: Malam, ka iya bakinka. Wa ka kama?

Malam na Kusiri: Ban kira suna ba. Amma kayan da mai shi bai yarda ba, ka tambayi malamai hukuncinsa.

Ɗan Rumde: Jama'a, ni zafi da ƙura na kawo, ba farashi ba.

Baffa Mai Sifana: Ɗana, rabin maganarka ba daidai ba ne. Digiri 15 ɗin nan ma'aunin duniya ne kawai, akwai gurbin da ake canza shi. Injamena tana kan mita kusan 295, ma'aunin ya ce digiri 13 a can. Ranar da aka yi 43 sai ka rubuta ƙarin 30. Ga abin da za ka gani: a rabon matsi 30, iskar da ta shiga da kelbin 288 (digiri 15 ke nan) tana fita kwamfaresa wajen 850, wadda ta shiga da 316 (digiri 43) kuwa wajen 930. Ƙarin 28 a baki ya zama kusan 80 a ciki. Shi ya sa injin CFM56-7B ke riƙe cikakken ƙarfinsa zuwa digiri 30 kawai a daidai teku, daga nan a rage don kada zafin hayaƙi ya wuce iyaka. Inda kake da gaskiya ƙura ce. Tana manne wa fuka-fukan kwamfaresa, tana cin bakinsu rata ta buɗe, a turbin kuma wajen digiri 1,200 ta narke ta toshe ramukan sanyaya. Manhaja ba ta hango wannan da kanta. Kai za ka rage mata, misali kashi 2 na iska da kashi 1 na inganci, ka kwatanta da zafin hayaƙin da aka rubuta kafin wankin kwamfaresa da bayansa, ka leƙa da boreskop, na'urar leƙen cikin injin.

Bamalle na Ngaundere: Baffa, da girmanka, me ya sa kullum Injamena ake misali da ita? Filinmu ya haura mita 1,100, matsi bai kai kilopaskal 89 ba. Da digiri 33 kawai iskarmu ta fi tasu sirancewa da kusan kashi 6. Wahalar tashi tana nan.

Injiniyan Injamena: Sirancewar iska daban, zafin turbin daban. Ku ƙarin 25 ne a kan ma'aunin duniya, mu 30. Injin a nan yake ƙonewa. Ku mutanen tudu ba ku san bazara ba.

Bamalle na Ngaundere: Fiffike nauyin iska ya sani, bai san sunan gari ba.

Hajiyar Lissafi: Ku bar wannan. Malam bai amsa ni ba: manhajar NPSS ma daga NASA ta fito, yau sai da lasisi. Wa ya ce gobe pyCycle ba za ta bi ta ba?

Malam na Kusiri: Wanda ya riga ya sauke lambobinta, suna hannunsa, Hajiya. Ba a ƙwace su.

Shugaban zaure: To, a dakata haka, ga abin da aka cim ma. Na ɗaya, an tabbatar pyCycle kyauta ce kuma ita ta dace da ɗalibanmu, babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Na biyu, masu GasTurb ba su faɗi inda yaro zai samo kuɗin ba. Maganar taswira ƙaramin abu ne da ake gyarawa a hankali. Batun Injamena da Ngaundere duk ɗaya ne. Mun gode wa Malam na Kusiri da ya haskaka mana, Allah ya ƙara ilimi.

Hajiyar Lissafi: Ranka ya daɗe, taswirar ce ƙaramin abu? A sa wa pyCycle ɗin taswirar gama-gari, a sauke gudun shaf zuwa kashi 60, a turo mana sakamakon nan kowa ya gani.

Ɗan Rumde: Baffa, adadin zafin hayaƙi na kafin wanki da bayan wanki, a wace takardar injin ake samunsa?