Surukata ta zo daga Kano, yara sun ce sai Accra Mall: wa ya taɓa cin abinci a can?

Maman Sadiya, Mamobi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidana, ta iso daga Kano ranar Talata, kuma wannan ne zuwanta Ghana na farko. Yara sun kafe sai an kai kakarsu Accra Mall, babban rukunin kantunan nan, ranar Asabar, a zauna a zauren cin abincin nan a ci. Ni sau biyu na taɓa shiga, sayayya kawai na yi na fito. Damuwata ita ce Hajiya ba ta cin naman da ba ta san wanda ya yanka ba, ga ciwon gwiwa, ba ta iya doguwar tsayuwa. Don Allah wanda ya ci a can ko a gidajen abincin kewayen wurin ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Ɗan Nima:
Wa alaikumus salam Anti. A hanyar Spintex nake aiki, nakan ci abincin rana a Accra Mall ɗin. Shaguna ne a jere, teburan kuma na kowa da kowa. Za ki je gaban kanta ki faɗi abin da kike so, ki biya, a ba ki rasit, ki koma ki jira. Yawanci kaza ce da soyayyen dankali, da piza, da jollof, da soyayyiyar shinkafa. Ranar Asabar ku isa kafin sha biyu. Bayan azahar samun tebur mai kujera shida sai an sha wuya, ga cunkoson motoci a mahaɗar Tetteh Quarshie da ke kusa da wurin. Kada ki sa Hajiya a trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ku ɗauki tasi ya sauke ku bakin ƙofa.

Zancen nama kuwa, ni tambaya biyu nake yi. Ana sarrafa alade a kicin ɗin nan? Kazar daga ina take? Yawancin kajin da ake ci a ƙasar nan daskararru ne da ake shigo da su daga Brazil da Amurka da Turai. Wasu kwalayen suna ɗauke da tambarin halal, wasu babu. Na taɓa tambayar wata mai kanta, ta shiga ciki ta ɗauko mini kwalin da hannunta na karanta. Tun ranar nake saye a wurinta.

Malam na Madina:
Abin da ɗan uwa ya faɗa haka yake, amma tambaya kaɗai ba ta isa ba, a sa ido. Bara na kai iyalina wani gidan piza a Osu. Na ce ta naman sa muke so, yaron ya ce babu damuwa. Ina tsaye ina kallonsa ta gilashi, ya yanka wata da ke da jajayen faifayen nama a kai, bai ko goge wuƙar ba ya ɗora ta a kan tamu. Na tambaye shi wancan naman mene ne, ya ce alade. Ba mugunta ya yi ba, bai san abin yana da nauyi a wurinmu ba. Na biya, muka fita ba mu taɓa ba, ƙaramar 'yata tana kuka har mota. Har yau idan na tuna kukan nan raina yana sosuwa.

Idan kuka biya ta kasuwar dare ta Osu kuka ji ana kiran domedo, gasasshen alade ne. Shawarata ga Hajiya kifi. Gasasshiyar karfasa da ake kawowa daga tafkin Volta babu shakka a kanta. Sai dai banku da ake haɗa ta da shi ƙullun masara da rogo ne da aka bari ya yi tsami, bakin ɗan Kano ba lallai ya karɓe shi a karon farko ba.

'Yar mai waakye:
Anti Maman Sadiya, ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin ya taɓa ni. Mahaifiyata ta fi shekara 20 tana sayar da waakye, shinkafa da waken Ghana, a Nima. Da ita muke tashi kafin asuba. Watan jiya abokan aikina suka ja ni wani gidan abinci a East Legon, kusa da Accra Mall, na ga waakye a takardar abinci na ce a kawo. Aka kawo shi a farin faranti, an dunƙule shi da kofi, ga rabin ƙwai a gefe, ga shito, baƙin soyayyen yajin nan, cikin ɗan ƙoƙon da bai fi murfin kwalba ba. Loma ɗaya na yi na san ba a ba shi haƙƙinsa ba. Launinsa fari-fari, waken da sauran tauri.

Jan waakye daga karan dafi yake fitowa, busasshen ganyen dawa da ake tafasawa tare da waken. Kanwa ce ke sa waken ya yi laushi, ta kuma fito da launin. Shito kuwa Mama kan yi awanni tana juya shi a kan wuta kaɗan, da busasshen kifi da jatan lande da citta, har sai ya yi baƙi man ya taso. Sannan taliya, da garin rogo da aka murza da mai, da ganda da ta sha miya. A zuba a ɗanyen ganye a naɗe, zafin abincin ya fito da ƙamshin ganyen. Kuɗin da na biya a farantin nan zai ciyar da mutum uku a gaban tukunyar Mama.

Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Sunan nan namu ne, daga shinkafa da wake ya fito. Tuo zaafi ma tuwon zafi ne, koose ƙosai ne. Ga wanda ke zaune kusa da ni yana ta yabon abincin, alhali bai taɓa tsayawa a layin wata Amariya mai sayar da waakye da sassafe ya ga yadda ake yin na ainihi ba. Ki kai Hajiya ta ga wuri, amma kada ki bari ta fara ɗanɗana waakyen Ghana a faranti. Ki saya mata a unguwa, da safe, tun tukunya tana tururi.

Abban Khalil:
'Yar uwa, a kan waakye ban ja da ke ba. Amma a yi wa zauren adalci. A unguwarmu ina ne mutum zai zauna da matarsa da 'ya'yansa a ci abinci tare? Benci ɗaya ne gaban mai tuwo, maza sun cika shi, kwata na gudu a gefe. Matata ba ta taɓa zama a nan ba, saye take yi ta kawo gida. A can kuwa akwai sanyi, akwai banɗaki mai tsabta, akwai wurin wanke hannu, babu mai ce maka tashi. Ranar da muka fara zuwa ta ce mini rabon da ta ci abincin da ba ita ta dafa ba, tana zaune an kawo mata, tun muna amarci. Wannan maganar ce ta sa nake komawa duk bayan sallah, duk da tun tsadar 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, sai na yi tanadi kafin mu je. Ki riƙe tsabar kuɗi ko da za ki biya da momo, wato kuɗin waya, wani lokaci sabis kan ɗauke.

Baba Alhaji, Aboabo:
Mu ma a Kumasi an buɗe mana irinsa a Asokwa a 2017. Jikoki sun kai ni, sun ci kazarsu, ni na sha ruwa ina kallonsu ina jin daɗi. Da muka dawo na aika aka karɓo mini tuwo da miyar ayoyo. Ki gaya wa Hajiya ayoyo lalo ne, za ta gane. Ku yi azahar a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, hanyarku ce ta komawa Mamobi, kuma baƙo ya kamata ya gan shi.

Maman Sadiya, Mamobi:
Allah ya saka wa kowa da alheri, mun je mun dawo. Sha ɗaya da rabi muka isa, muka samu tebur a gefe. Hajiya ta ƙi kaza ko da na ce zan tambayi kwali, ta ce a bar wa yara. Na samo mata kifi da jollof. Ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajinta na Kano ta barbaɗa, ta ture cokali ta ci da hannu. Wata dattijuwa a teburin kusa ta yi mata murmushi, ita ma ta ajiye nata cokalin. Abin da ya fi burge ta Sadiya ce da ta je wurin mai kanta da kanta ta yi magana da Turanci ta karɓo canji daidai, sai sa mata albarka take yi.

Mun yi azahar a Kanda kamar yadda Baba ya ce, ta daɗe zaune tana kallon ƙubbar. Yau da safe kuma na aika Nima aka sayo waakye a ganye. Ta cinye tas, ta ce wannan ai garau-garau ne da ya yi ƙaura ya yi arziki. Yanzu so take ta koma Kano da shito. Wa ya san wanda zai kai sati biyu bai lalace ba?

'Yar mai waakye:
Anti, in dai an soya shi har ruwansa ya ƙone, mai ya rufe samansa, zai wuce haka, kada dai a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. Laraba ce kasuwar Nima, Mama za ta sayi kifi da jatan lande. Ki aiko da kwalba biyu masu murfi ranar Alhamis, ki gaya mini ko Hajiya tana son yaji sosai.