Hotunan da nake ɗauka a titunan Nima ba su da rai: laifin ido ne, ko na tsoro?

Ɗalibin Hoto, Nima:

Assalamu alaikum. Akwai damuwar da na daɗe ina juyawa a raina, na ga ya dace in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni a wannan sana'a. Shekara biyu ke nan da na fara ɗaukar hoton rayuwar titi, wato hoton mutane suna cikin harkokinsu ba tare da an tsayar da su an shirya su ba. Da waya na fara, bara kuma na tara kuɗi na sayi kyamarar gwanjo a wajen shataletalen Kwame Nkrumah, tare da dogon madubi mai jawo abu daga nesa. A unguwar Nima ta birnin Accra a Gana aka haife ni, babu lungun da ban sani ba, kuma kusan kowace Laraba ina cikin kasuwa, ranar Juma'a kuma ina bakin babban masallacin Kanda. Amma idan na dawo gida na buɗe abin da na ɗauka, sai in tarar da ɗaruruwan hotuna masu kama da juna: ƙeyar mutane, cunkoson motocin haya na trotro, mai talla can nesa wadda ba ta san ina yi ba.

Watanni uku da suka wuce wata uwa mai sayar da albasa ta hango ni daga tsallaken titi, ta yafito ni da hannu. Da na iso na gaishe ta, sai ta ce: “Kai ɗan gidan wa ne, kuma ina za ka kai fuskata?” Na rasa amsar da zan ba ta, na goge hoton a gabanta na tafi. Tun daga ranar hannuna ya yi nauyi. Abokaina sun ce in bar unguwa in koma Jamestown, na kuwa halarci Chale Wote, bikin zane-zane da wasannin titi, a watan Agusta, na samo hotuna masu launi sosai, sai dai babu abin da ya raba su da na sauran masu kyamarar da muka yi layi tare. Ina neman shawara: idona ne bai buɗe ba, ko tsoro ne ya danne ni, ko kuwa kayan aikin ne ba su dace ba?

Baba Mai Hoto, Sabon Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka kawo maganar kamar yadda take. Na fi shekara talatin ina yawo da kyamara a wuya daga suna zuwa biki, tun zamanin da fim ɗaya hoto 36 yake ci, kuma sai an wanke kafin ka san abin da ka yi. Saboda haka ka saurare ni da kyau: matar nan ba wulaƙanta ka ta yi ba, darasin da ya fi kowanne ta ba ka, kuma kyauta. Tambayoyi biyu ta yi maka, wane ne kai, kuma me za ka yi da hoton. Ranar da ka samu amsarsu a cikin zuciyarka, nauyin hannun zai tafi.

Dogon madubin nan shi ne ya mayar da kai baƙo a unguwar da aka binne cibiyarka. Wanda ya tsaya a tsallaken titi yana leƙen mutane, jikinsa ma yana nuna cewa sata yake yi, mutane kuwa suna karanta jiki kafin su karanta kyamara. Ka ajiye shi a gida na wata uku. Ka zaɓi wuri guda, ba unguwa guda ba, wuri guda, misali teburin mai koko da ƙosai da ke buɗewa bayan sallar asuba. Ka je ka sayi koko ka zauna a benci, kyamara tana rataye inda kowa zai gan ta, amma kada ka ɗaga ta. Ka gaisa, ka faɗi sunan gidanku. Rana ta farko za a tambaye ka, rana ta uku za a ce mai hoto ya zo, rana ta goma babu wanda zai ƙara kallon ka, kuma daga nan ne aikinka zai fara. A lokacin ne za ka ga tururin da ke tashi daga tukunya ya rufe rabin fuskarta, da yadda take ɗaga ludayi sama ta tsiyayo koko ba tare da ta duba ba, da yaron makarantar allo da ke ƙirga canji a tafin hannu yana motsa baki. Mai wucewa ba ya ganin waɗannan.

Sannan ka wanke hoton a takarda ka kai mata. Kada ka tsaya a nuna mata a bayan kyamara, domin abin da ke cikin akwatinka naka ne, wanda ka danƙa mata a hannu shi ne nata. Wannan ita ce amsar tambayarta ta biyu.

Game da barin unguwa kuwa, ban goyi baya ba. Ka duba James Barnor, wanda aka haifa a nan Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran Accra, a 1929. Ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki, ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young a Jamestown, ya tafi Ingila a 1959, bayan kamar shekara goma ya dawo ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a Gana. Hotunansa da ake baje kolinsu a Landan da Faransa a yau, da yawansu na mutanen da ya saba da su ne, suna tsaye a titin da yake bi kullum. Shagon hoto na Deo Gratias ma yana nan a Jamestown tun 1922, shi ya sa mutanen can suke da hotunan fuskokin kakanninsu. Mu fa a zango? Ni kaina abin da ke ci mini rai shi ne na ɗauki dubban amare, amma ban ɗauki wanzamin da ke aski a ƙofar gidanmu ba, ban ɗauki dillalan goro suna yayyafa wa huhu ruwa ba, don a lokacin ina ganin abin yau da kullum ne. Yanzu duk sun tafi.

'Yar Mamobi:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku ta ratsa ni. Ƙanena, ni kuma zan tsaya ne a gefen matar, domin mahaifiyata ma 'yar kasuwa ce. Ka san dalilin da ya sa iyayenmu mata suke tsarguwa da kyamara. Mun tashi muna ganin baƙi suna sauka daga mota, su nufi babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, su ɗauki shara da yara marasa takalmi, su koma mota ba tare da sun yi wa kowa sallama ba. Daga baya sai a ga hoton a intanet a ƙarƙashin labarin talauci ko na laifi. Haka ake yi wa 'yan'uwanmu kayayei da suka zo daga Arewa: yarinya ta yini tana dakon kaya a kasuwar Makola, ta kwanta cikin kwanonta don ta runtsa, wani ya zo ya ɗauke ta tana barci, ya samu yabo, ita kuwa ba ta ma san an yi ba. Matar da ta tare ka ba ta san zuciyarka ba, abin da ta saba gani kawai ta sani.

Don haka tsoron da kake ji ba duka ne abin yarwa ba, akwai kunya mai kyau a cikinsa. Ni mizanin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: idan na kai wa mutumin nan hoton a gaban 'ya'yansa, zai ji daɗi ko zai sunkuyar da kai? Tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin mutum, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, amma a unguwa irin tamu tun kafin a kai ga doka mutunci ya riga ya yanke hukunci. Matar aure, da mai alwala, da mai cin abinci, da yaron da iyayensa ba sa kusa, duk suna buƙatar a yi hattara.

Kuma ba lallai sai fuska ba. Na shafe kusan shekara ina ɗaukar hannaye kawai: hannun mai lalle daren sallah, hannun da ke cika olonka, wato gwangwanin awo, da wake har ya yi tozo, hannun tela a kan zaren surfani, yatsun dattijo a kan carbi. Babu wadda ta taɓa hana ni hannunta, kuma sau da yawa mai hannun ce da kanta take cewa, to ɗauki har da fuskar mana.

Malamin Makaranta, Aboabo, Kumasi:

Ina gaida Baba da Hajiya. Na yarda da mafi yawan abin da suka faɗa, sai dai ina jin tsoron kada ɗan'uwanmu ya fahimci cewa dole ne ya nemi izini kafin kowace dannawa. Idan ya yi haka, hoton titi ya mutu, domin da zarar ka ce wa mutum zan ɗauke ka, sai ya gyara hula, ya miƙe wuya, ya zama wani daban. Izinin da ake nema na zama ne, wato a san da kai a wurin a kuma yarda da kai. Bayan an ba ka wannan, sai ka ɗauka lokacin da abin ya faru, wanda ya nuna ba ya so ka sauke kyamara nan take.

Akwai kuma ɓangaren sana'a wanda gaisuwa ba za ta gyara ba. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma tana hawa da sauri, haske mai laushi ba ya daɗewa. Da tsakar rana tana kan ka sosai, sai idanun mutum su faɗa cikin inuwa, farar rigar Juma'a kuma ta ƙone ta zama fari fat babu ko alamar aiki. Idan ka ce a bakin masallacin Kanda kake ɗauka bayan an sauko, to a mafi munin haske kake aiki. Ka auna hasken a kan farar rigar, ka ƙara kaɗan, ka nemi inuwar gini ko ta rumfa. A kasuwar Kejetia ta nan Kumasi na koyi son tsakar rana, saboda a lungunan da rufin kwano ya kusa haɗewa haske yana saukowa siriri kamar igiya. Nakan tsaya in jira wani ya ratsa ta cikinsa, wani lokaci minti ashirin. Ka fara samun wuri da haske, mutum zai zo da ƙafarsa. Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana tace rana har ka iya aiki kusan duk yini, amma ka riƙa rufe kyamara.

Don kada saiti ya ɓata maka lokaci, ka sa madubin 35mm, ka ajiye ƙofar haske a f/8, saurin ƙiftawa a 1/500 na daƙiƙa, ka saita nisa a mita 3. A kyamara mai cikakken faɗi, wato wadda na'urarta ta ɗaukar hoto ta kai girman fim, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito garau, sai hankalinka ya bar maɓallai ya koma kan mutane. Ka kuma ɗauki dabarar zamanin Baba, ka ƙayyade wa kanka hoto 36 a fita guda. Kada ka zaɓa a ranar. Ka bar su wata ɗaya, domin a ranar wahalar da ka sha kake gani, ba hoton ba.

Ɗalibin Hoto, Nima:

Baba, Yaya, Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi jinkirin amsawa ne don in gwada tukuna. Na koma wajen mai albasar ba tare da kyamara ba, na ba ta haƙuri, na faɗa mata gidanmu, ashe ta san kakata tun suna zuwa Agbogbloshie saro kaya tare. Laraba uku ina zama a gefen buhunanta. A ta huɗu na ɗauki hoto goma sha ɗaya kacal, kuma akwai guda da take miƙa wa wata yarinya gyara, hasken safe ya kwanta a kan ɓawon albasar da ke manne a hannunta. Na bi shawarar Malam ban taɓa sauran ba, amma wannan na kasa haƙuri, ina so in kai mata Laraba mai zuwa. Baba, wane girma ya kamata in wanke?

Baba Mai Hoto, Sabon Zango:

Ka wanke biyu, ɗana. Ƙarami wanda zai shiga jakarta ta nuna wa maƙwabtan rumfa, da babba, inci 8 da 10, wanda za ta kai gida. A bayan kowanne ka rubuta kwanan wata da sunan kasuwar da fensir, kada ka sa biro, tawada tana cin takarda. Idan ka je, ka bari sai ta sallami masu saye kafin ka fito da shi.