Fita daga bashin gida da ka tsaya wa ɗan'uwa a Amurka

Idan ka sa hannu ka tsaya wa ɗan'uwanka ya karɓi rancen sayen gida, banki na bin ka bashin gaba ɗaya, ba rabi ba. Biyan wata ya yi jinkirin kwana 30, sunan ku biyun ake kai wa Equifax, Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin biyan bashin mutane, tabon kuma yakan yi shekara 7.

Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce ɗan'uwan ya karɓi sabon rance da sunansa shi kaɗai, ya biya tsohon. Amma sai albashinsa da tarihin biyansa sun kai, ga kuɗin kammala takardu, wajen kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na rancen. In bai cancanta ba, a sayar da gidan. Rancen FHA da VA kuwa, wato waɗanda hukumomin gwamnatin Amurka ke lamunta, akan yarda wani ya ɗauka, sai dai ka karɓi sallama daga bashin a rubuce. Alkawarin waya ba ya kare kowa.

Inda aka fi jan kunne: kada ka sa hannu a takardar barin mallaka kafin banki ya sallame ka. Daga gidan take cire ka, bashin yana nan a wuyanka.

Kafin nan, riƙa duba asusun da kanka duk wata. Idan ɗan'uwan ya biya wata 12 a jere daga asusunsa, adana shaidar, domin ƙa'idar Fannie Mae, kamfanin da ke sayen basukan gidaje daga bankuna, ta yarda a cire bashin daga lissafinka ranar da za ka nemi naka rancen.