Country: waƙar ƙauye za mu ce, ko ta karkara, ko mu bar ta a kantiri?

Jama'a, ina neman taimako da kalma guda. Ina ɗan rubutu a kan mawaƙan Amurka da suka yi tashe tsakanin 1970 da 1979, su Dolly Parton da Don Williams da Kenny Rogers, da na zo kan sunan salon waƙar tasu sai na tsaya cak. Su country suke ce masa. Mu fa?

Ba baƙuwar waƙa ba ce a kunnenmu. Kawuna direban babbar mota ne, Kano zuwa Jos, kuma Turancinsa bai wuce na gaisawa da 'yan sanda a shinge ba. Amma yana da kaset ɗin Don Williams guda ɗaya wanda har rubutun jikinsa ya goge. In rediyon motar ya cinye zaren, sai ya zaro shi a hankali, ya zura biro a ramin ya nannaɗe, ya hure ƙurar ya mayar. Ban taɓa jin ya kira salon da wani suna ba. Abin da yake ce wa yaron motarsa kawai shi ne, “Sa mana mai hular nan.”

Na kwana na tashi na tarar da amsoshi sun fi ƙarfina. Na gode. Bari in bi waɗanda suka fi yawa, amma da sharaɗi: duk kalmar da aka kawo sai na gwada ta a jikin mawaƙan wancan zamanin ɗaya bayan ɗaya, kamar tela da riga. Wadda ta matse wani a hammata, ta faɗi.

“Waƙar ƙasa” ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ƙanena da ya kawo ta, ƙamus ka buɗe ka ɗauki ma'anar farko. Kalmar tasu tana nufin ƙasa, tana kuma nufin wajen gari, kuma ta biyun ake nufi a nan. Ka ce wa Bahaushe “waƙar ƙasar Amurka”, taken ƙasarsu zai zo masa a rai, ya miƙe tsaye.

“Waƙar gargajiya” ta fi ta hujja. Saiwar abin gargajiya ce, babu musu: waƙoƙin mutanen tsaunukan Appalachia, da goge irin na Turawa, da waƙoƙin coci, da banjo, wanda asalinsa bayi daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata. Duk wanda ya san gurmi, in ya ga hoton banjo na farko zai gane dangi. Sai dai tun 1927, da aka naɗi muryar Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol na jihar Tennessee, abin ya zama hajar kamfanonin faifai. Zuwa 1970 kuwa birnin Nashville masana'anta ce sosai, da marubuta waƙa masu ɗaukar albashi da makaɗan haya da ke shiga ɗakin naɗi da safe kamar ma'aikatan ofis. Wannan ba abin da muke kira gargajiya ba ne. Kuma suna da wani salon daban da ya fi cancantar sunan, in mun ba da shi nan, me za mu kira wancan?

Wani dattijo ya ce a zamaninsu “waƙar kaboyi” suke cewa. Baba, na yarda da kai, kuma kalmar Bahaushiya ce tuni, sinima ta kawo mana ita. Har mujallar Billboard a 1949 ta haɗa salon biyu a suna ɗaya, na wajen gari da na makiyayan yamma, kafin ta yar da rabin na biyu a 1962. Amma mu gwada rigar. Loretta Lynn ɗiyar mai haƙar kwal ce daga wani lungu a Kentucky, an yi mata aure tana yarinya, ta haifi 'ya'ya shida. Waƙoƙinta na miji mashayi ne, da matar da ke son ƙwace mata shi, da wahalar goyo. A 1972 ta zama mace ta farko da ta ci babbar lambar gwarzon shekara ta ƙungiyar mawaƙan salon, a 1975 kuma ta yi waƙar ƙwayar tazarar haihuwa, gidajen rediyo da dama suka ƙi sa ta. Ina doki, ina saniya a nan? Hular ce take ruɗarmu, Baba. Mu ajiye kaboyi ga masu waƙar garke da hamada, suna nan, amma reshe ne.

Yanzu ga inda rigimar take. Fiye da rabinku “waƙar ƙauye” kuka ce, kuma na fahimci dalili: gajeriya ce, kowa ya ji ya gane. Ni ma da ita na fara a zuciyata.

Matsalar ita ce ƙauye ba ya tafiya shi kaɗai a bakin Bahaushe. Yana jawo baƙauye, yana jawo ƙauyanci. Ka ce wa budurwa ɗinkinta na ƙauye ne ka ga abin da zai biyo baya. Wata baiwar Allah ta ce ai hakan ma daidai ne, tunda Amurkawan birni raina salon suke yi. Hajiya, kin taɓo wani abu na gaske, amma shi ne ya sa na ƙi kalmar. Sunan da kamfanoni suka laƙaba wa waƙar a shekarun 1920 shi ne hillbilly, wato baƙauyen kan tudu, kuma zagi ne. Masu sana'ar sun yi ta fama har suka yakice shi, aka koma country wadda ba ta da dafi. To in mun ce “waƙar ƙauye”, tsohon sunan muka fassara, wanda masu abin suka cire suka yar. Suna linzami ne. Mai karatu da ya ci karo da “mawaƙiyar ƙauye Dolly Parton” ya gama yanke mata hukunci kafin ya ji muryarta.

Ita kuwa Dolly, in ana maganar ƙauye, ba wanda zai nuna mata. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya goma sha biyu, a ɗaki guda a tsaunukan Tennessee. A 1971 ta yi waƙa a kan rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata da ƙyallayen tsumma, ta sa ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi mata dariya. Duk wanda ya taɓa zuwa makaranta da silifa mai ɗaurin waya ya san wannan tafiyar. Amma macen nan ce a 1974 ta rabu da ubangidanta Porter Wagoner, ta rubuta masa waƙar bankwana, da Elvis Presley ya so rerawa aka ce sai ta ba da rabin haƙƙin mallaka, ta ce a'a. Da Whitney Houston ta rera ta a 1992, kuɗin aljihun Dolly suka shiga. Wannan ce za mu kira baƙauya?

Shi ya sa na karkata ga “waƙar karkara”. Karkara wuri ce, ba hali ba. Babu “bakarkare” da ake zagin mutum da shi. Wani malami ya soke ta cewa tana warin gwamnati, raya karkara, lantarkin karkara, kamar sunan ma'aikata. Allah gafarta Malam, da gaskiyarka, tana da ɗan sanyi. Amma sanyi ya fi dafi, kuma kalma takan ɗumama in baki ya saba da ita.

Malamin ya sake kawo wata sukar da ta fi ƙarfi: shin mutanen nan a karkara suke? Kenny Rogers a birnin Houston aka haife shi a 1938, a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi ya tashi, ya yi wasu salon kafin ya dawo nan ya yi suna daga 1977. A lokacin ma kusan kashi uku cikin huɗu na Amurkawa a birane suke. Na daɗe ina juya wannan. Abin da na gano shi ne karkarar da ke cikin waƙar ba inda mawaƙin yake zaune ba ce, inda ya baro ce. Masu sayen faifan 'ya'yan manoma ne da suka koma masana'antu da tuƙin tirela, suna kewar gonar da ba za su koma ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ba don tsoron ruɗa mutane ba, da “waƙar 'yan ci-rani” na ce. Ina jin abin da kawuna yake ji ke nan a muryar Don Williams ba tare da ya fahimci kalma ɗaya ba, shi da ya bar garinsu yana saurayi.

Kalmar “karkara” ta zauna wa Charley Pride ma, kuma shi ne gwajin da ya kayar da “waƙar Turawan karkara” da wani ya kawo. Baƙar fata ne, ɗan mai noman auduga a gonar wani a Sledge ta jihar Mississippi. Da kamfanin RCA ya fara tura faifansa gidajen rediyo, ba a haɗa da hotonsa ba. A 1971 shi ne gwarzon shekara. Don haka kar a sa launin fata a cikin sunan.

Ta zauna wa Willie Nelson shi ma, duk da ya yi wa Nashville tawaye. Gidansa na Tennessee ya ƙone a 1970, ya tattara ya koma jiharsu Texas, ya zauna a Austin, ya bar gashi da gemu. Gaba ta kai ni, gobarar Titi. Faifansa na 1975 kusan jita da murya ne kawai, har manyan kamfanin suka zaci gwaji ne bai gama ba, sai ga shi ya yi kasuwa. A 1976 faifan haɗaka da ya yi da Waylon Jennings da wasu biyu ya zama na farko a salon da aka shaida ya sayar da kwafi miliyan guda.

Kuma kar mu matsa wa kalmarmu ta yi iyaka mai kaifi, tunda tasu ma ba ta da ita. A 1974 Olivia Newton-John, mawaƙiyar da aka fi sani da wani salon daban, wadda aka haifa a Ingila ta tashi a Ostireliya, ta ci lambar gwarzuwar mata, tsofaffin hannu suka fusata har suka kafa tasu ƙungiyar. Shekara ta gaba, mawaƙi Charlie Rich ya buɗe ambulan a kan dandamali don ya sanar da gwarzon shekara, ya ga sunan John Denver, wanda shi ma wasu ba su ɗauke shi ɗan gida ba, ya fito da ƙyastu ya cinna wa takardar wuta a gaban kyamara.

Saura “kantiri”. Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce Faransawa ma ba su fassara ba, me zai sa mu wahala, ai mun karɓi rege da disko. Ɗan'uwa, a hira ba zan hana kowa ba, ni ma bakina zai riƙa suɓucewa. Amma rege suna ne kawai, ba ya ɗauke da ma'anar da za a rasa. Wannan kuwa ma'anarsa ita ce rabin labarinsa. Kuma na gwada ta a kan mahaifiyata, ta ce wane kantin.

Ga yadda zan rubuta: a ambaton farko “waƙar karkara ta Amurka”, daga nan “waƙar karkara” kawai. Mai yin ta mawaƙin karkara, mace mawaƙiyar karkara, jam'i mawaƙan karkara. In ana maganar jita da goge da banjo ba baitoci ba, kiɗan karkara. Malamin nan har yanzu bai sauko ba, ya ce in an ce “mawaƙan karkara” ba a sa Amurka ba, makaɗan noma na Zamfara ne za su zo wa mutane a rai. Malam, na bar maka wannan, in jimla ta yi nisa da ambaton farko zan maimaita “ta Amurka”.