Katin hoki marar tambarin ƙungiya: ya shiga tari ko a'a?

Autan Calgary: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mini gardama don Allah. Na sayi katin hokin ƙanƙara na kamfanin Leaf a hannun wani abokin aikina. Akwai sa hannun ɗan wasan, akwai guntun sandarsa a manne, an buga 7/25 a gefe, wato na bakwai cikin guda 25. Gaban rigar kuwa wayam, babu tambarin ƙungiya, sunan gari kawai aka rubuta. Na tura wa Kawu hoto, ya ce duk katin da ba shi da lasisin NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, jabu ne, ba ya shiga tarin mai hankali. Wai haka ne?

Kawun Edmonton: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Izini biyu ake nema kafin a buga katin hoki na ƙwarai. Na NHL, wanda ke ba ka damar sa tambari da sunan ƙungiya, da na ƙungiyar 'yan wasa, NHLPA, wanda ke ba ka damar sa hoton masu bugawa a yanzu. Tun kakar 2014-15 kamfanin Upper Deck kaɗai ke riƙe da su. Kowa ya buga ba tare da su ba, ta katanga ya shigo.

Baban Amira: Kawu, da girmanka, ka zuba abu uku a buhu guda. Jabu shi ne wanda aka kwaikwayi wani kati don a cuci mai saye, irin na fitaccen ɗan wasa Gretzky na 1979-80 da suka cika kasuwa. Na ainihin na kamfanin O-Pee-Chee bayansa da Turanci da Faransanci, gefensa yakan zo da kaushi saboda yadda aka yanka takardar, ga wani ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a kafaɗarsa ta hagu da masana ke fara dubawa. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda mutum ya zauna da firinta a ɗakinsa ya buga hoton ɗan wasa ba da yardar kowa ba. Na uku shi ne irin na hannun Auta. Kamfani ne sananne a Texas, ya yi yarjejeniya da ɗan wasan shi kansa, ya biya shi, mutumin ya sa hannu da alƙalaminsa. Tambari ne kawai ba su da ikon sawa, shi ya sa suke goge shi. Wa aka cuta a nan?

Kawun Edmonton: Wanda aka cuta shi ne Auta, ranar da zai sayar.

Autan Calgary: Kai Kawu!

Kawun Edmonton: Gaskiya ɗaci gare ta, ɗana. Dubi katin McDavid na Young Guns, jerin sabbin 'yan wasa na Upper Deck, 2015-16, lamba 201. Babu sa hannu, babu ƙyalle, babu sanda, kuma an buga shi da yawan gaske. Amma shi kowa ke bi, domin shi ne katinsa na sabon shiga cikin rigar Oilers. Haka na Bedard, lamba 451, da ya fito a kakar 2023-24 mutane suka yi ta wawason kwalaye. Katin Gretzky da Baban Amira ya ambata, wanda kamfanin tantance kati na PSA ya ba cikakken maki 10, an sayar da shi dala miliyan 3.75 a 2021. Ku kawo mini marar lasisi guda ɗaya da ya taɓa jin ƙamshin wannan kuɗin.

Hajiyar Winnipeg: Ni ban san kasuwa kamar ku ba, na Tim Hortons nake saya wa yara duk kaka in na tsaya shan shayi. Amma a nan ina bayan Yaya Kawu. Ƙaramin ɗana in ya yage fakiti ba fuska yake fara dubawa ba, jirgin da ke tambarin ƙungiyar Jets yake nema a ƙirji. Na taɓa nuna masa ɗaya daga cikin masu gogaggen tambarin nan, ya ce Mama me ya sa mutumin ya shiga fili da rigar barci.

Ɗan Zazzau: Hajiya, yaron yana da ido, ba na musu. Ba su da kyan gani in hoton gaba aka ɗauka. Shi ya sa masu dabara a cikinsu suke ɗauko ɗan wasa ta gefe, ko fuska kawai. Amma Kawu, bari in tuna maka tarihin In The Game, kamfanin Dokta Brian Price na yankin Toronto. Suna da cikakken lasisi, su ke buga katunan Be A Player, har zuwa rikicin da ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗaya. Da aka dawo wasa sai aka ba Upper Deck lasisin ita kaɗai na wasu shekaru. Kamfani bai sauya ba, masu aiki ba su sauya ba. Shin katinsu ya kwana sahihi ya tashi jabu ke nan? Bayan nan ma suka ci gaba da fitar da Between the Pipes, na masu tsaron raga zalla, wanda ya fi ba da ƙarfi ga zanen da ke jikin hular kariya. Har yau masu tara na gola suna nemansa. Kuma Heroes and Prospects na 2004-05 yana da Crosby cikin rigar Rimouski, da izinin gasar matasa ta CHL, tun bai taka ƙanƙarar NHL ba.

Kawun Edmonton: Madalla, ka kawo mini hujja da hannunka. Wannan na Rimouski ya riga fitowa, amma wa ke kiransa katin farko na Crosby? Na 2005-06 ake kira, na Upper Deck, cikin rigar Penguins. Wanda ya riga zuwa yana zaune a baya.

Ɗan Zazzau: Wannan gaskiya ne, a farashi. Ni ba a farashi nake musu da kai ba. Cewa ka yi jabu.

Baban Amira: Ko a farashin ma lasisi ba laya ba ne. A 1990-91 Pro Set, Score, Bowman, Topps, O-Pee-Chee da Upper Deck duk sun fito da cikakken tambari, suka cika duniya da kati. Je ka baje kolin kati na International Centre a nan Mississauga ka ga yadda ake jibge na Pro Set a ƙarƙashin tebur, ana roƙon mutane su kwasa. Duk masu lasisi ne. Na Auta guda 25 ne a duniya.

Kawun Edmonton: Guda 25 da mutum nawa ke nema? Ƙarancin abu ba ya sa shi tsada sai da mai so.

Baban Amira: Na yarda da wannan. To ga wata. A 2015, Jack Eichel, wanda aka ɗauka na biyu bayan McDavid, da Leaf ya ƙulla yarjejeniyar sa hannu. Upper Deck ta buga masa Young Guns, amma a shekararsa ta farko mai son sa hannunsa a kan kati sai ya bi ta Leaf. Gretzky da McDavid kuwa na Upper Deck ne. Kowa ya kama nasa. Mai tara na Eichel a lokacin sai ya ce ba ya so don babu baunan tambarin ƙungiyarsa ta Buffalo a riga?

Hajiyar Winnipeg: Ni abin da ke ci mini rai da masu manna guntaye shi ne yankan kayan tarihi. A samu sandar da mutum ya buga wasa da ita shekara sittin da suka wuce, a sa mata zarto don a sayar da fakiti. Haba.

Kawun Edmonton: Yauwa ƙanwata. Aikin marasa lasisi ke nan, tunda ba su da tambarin sayarwa.

Ɗan Zazzau: A'a Kawu, tsaya. Yankan da ya fi tayar da ƙura shi ne na kariyar ƙafar Georges Vézina, golan Montreal da ya rasu a 1926, wanda ake ba da kofin gwarzon gola da sunansa. In The Game ce ta yanka a 2000, kuma a lokacin lasisinta na aljihunta. Upper Deck ma yankan riguna take yi kullum. Wannan laifin kowa ne in laifi ne. Abin da zan ba marasa lasisi shi ne, su ne suka fi tunawa da tsofaffin 'yan wasa da na tsohuwar gasar WHA da ta rushe da sauran waɗanda babban kamfani ba ya waiwaya.

Af, tunda an zo nan: duk wanda ya ci karo da katin Rumun Ndur cikin rigar Buffalo ya ajiye mini. A Zariya aka haife shi a 1975, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL.

Kawun Edmonton: Cikin rigar wa ka ce? Buffalo? Ashe kai ma tambari kake nema!

Ɗan Zazzau: Ina nema mana, ranka ya daɗe. In na samu marar tambari da sa hannunsa ma zan saya, in sa su a shafi ɗaya.

Autan Calgary: To ni yanzu in sayar ko in ajiye?

Baban Amira: Juya bayan katin tukuna, ƙanena. Karanta abin da kamfanin ya rubuta a kan sandar, ko an ce ya buga wasa da ita ne ko taɓa ta kawai ya yi, don ba ɗaya ba ne. Duba kuma ko sa hannun a jikin katin yake ko a sitika aka manna. Sannan ka shiga eBay ka nemi farashin waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ake tallatawa ba. In don riba ka saya, ka sa ran zai yi ƙasa da irinsa mai tambari. In mutumin kake so, sa shi a roba ka ajiye.

Kawun Edmonton: Na janye "jabu", tunda kun taru a kaina. Amma kada ka zo mini da shi musaya, Auta. Ko Young Guns na ɗan benci ba zan ba ka a kansa ba.

Autan Calgary: A sitika ne sa hannun. Sandar kuma sun ce ta wasa ce. Bari in tashi daga aiki in turo hoton bayan.